Waɗanda Inna Kande Ta Shayar

Malam Lawal ya shekara goma sha huɗu yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Tudun Wada, makarantar da ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Da alli yake zana ta a allo: ga maus da jelarsa, ga kibod, ga wani akwati mai kusurwa huɗu da yake roƙon yara su ɗauka sikirin ne. Saboda haka da ya tashi mallakar tasa ta kansa a daminar bana, sai ya ƙi sayen haɗaɗɗiya. Ya ce wanda ya zana abu sau dubu ai ya isa ya haɗa shi. Ya shiga Kano ya yi yini guda, ya dawo da kwalaye: madabod, wato allon da sauran kayan ke hawa kansa, fanka, akwatin ƙarfe, da wani katin sauti na gwanjo da mai shagon ya rantse masa daga ɗakin ɗaukar waƙa aka ciro shi.

Ya haɗa ta a kan tabarma a ɗakin zaure, ya danna, ta tashi. Shi kansa sai da ya ja da baya don mamaki. Abu ɗaya ne ya rage, ba ta magana. A gefen sikirin, kan hoton 'yar sifika, akwai jan tambari. Ya ce wannan aikin minti biyar ne, gobe ma rana ce.

Goben ce Sabo ya sauka daga mota da kaset a aljihu.

Sabo sa'ansa ne kuma abokinsa daga Riruwai, wata ɗaya aka haife su, gida ɗaya suka yi rarrafe a zamanin da haƙar kuza take da daraja. Uwar Sabo, Inna Kande, Allah ya ba ta nono kamar rijiya. Matar da ta kwanta ciwo, matar da ta tafi wankin kuza ta yi rana, duk Inna Kande ake miƙa wa jaririn. Kulsum, matar Lawal, a hannunta ta tashi tun ranar da uwarta ta rasu wajen haihuwa, wannan kowa ya sani. Inna Kande ta tafi aikin hajji shekara huɗu kafin auren Lawal da Kulsum, can Allah ya karɓi abarsa.

"Rufin ɗakinta muke sakewa," in ji Sabo, bayan an gama gaisuwa da tambayar damina. "A ƙarƙashin adudunta muka same shi. Dubi abin da aka rubuta."

A jikin kaset ɗin, da ajami, da tawadar da ta koma ja, an rubuta: waɗanda na shayar.

"Ashe kafin ta tafi wani malami ya ce mata ta lissafa su, kar 'yan nono ɗaya su auri juna ba a sani ba. Ita ba ta rubutu, sai ta faɗa a rikoda. Ta ajiye sai ta dawo." Sabo ya sosa ƙeya. "Na sa shi a rediyon wani mai shayi. Suna uku na ji, rediyon ya tauna zaren. Da ƙyar muka zaro shi, na liƙe da jan farcen matata."

"To Allah ya ji ƙanta," in ji Lawal. "Sai ka kai wa masu shirin aure."

Sabo bai ɗago ba. "Gwaggona ta ce ta tuna, muna jarirai, mahaifiyarka Furera ta yi wani ciwo. Ta ce ba ta tuna wa ya riƙe ka ba."

Kulsum tana bakin ƙofa da kwanon ruwa. Ta ajiye shi a hankali, ko ɗigo bai zube ba, ta koma ciki.

Malam Isa, limamin unguwa, shi aka kai wa maganar da la'asar. Ya juya kaset ɗin a hannu kamar ƙwai. Ya ce abu biyu. Na farko, zaren nan ba lalle ya jure juyi biyu ba, kuma gidaje sun kai ashirin da suke da haƙƙin jin abin da ke ciki, don haka ranar da za a kunna shi a tabbata ana ɗauka a wani abu. Na biyu, kafin ranar, Malam Lawal ya kwana a zaure.

Nan ne bakin Lawal ya riga hankalinsa. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce, yana da tsohuwar rikoda wadda sifikarta ta mutu amma kafar wayarta na aiki, yana kuma da sabuwar kwamfuta da ya haɗa da hannunsa, da katin sauti irin na masu waƙa. Waya ɗaya ce daga rikoda zuwa shuɗiyar kafar katin, shi ke nan. Har ya ɗan yi musu bayanin yadda sauti yake komawa lissafi. Sai da suka fito ya gane cewa shi da kansa ya nemi kwangilar haƙa ramin.

Ranar farko da gaskiya ya yi aikin. Kwamfuta ba ta jin yaren kowane kati sai an sa mata 'yar manhajarsa, wadda ake kira direba. Ya zura faifan da aka ba shi da katin, ya yi ta juyi yana ƙara kamar injin markaɗe, daga ƙarshe kwamfutar ta ce faifan na tsofaffin kwamfutoci ne. Ya buɗe jerin kayan da ke cikinta, ya ga katin nasa da ɗan rawayan tambari a gefensa, an rubuta cewa ba a san ko mene ne wannan ba.

Rana ta biyu ya hau tudun bayan makaranta inda sabis yake da ƙarfi, ya tsaya da waya a sama kamar mai roƙon ruwa, har direban ya sauka. Ya kawo, ashe na kwamfuta mai lamba talatin da biyu ya ɗauko, tasa kuwa mai sittin da huɗu ce. Wannan darasi ne da yake koyarwa a zango na biyu, har yana fitowa a jarrabawa. Ya koma tudun. Na biyun ya shiga lafiya, kwamfutar ta nemi a kashe ta a kunna, ya kashe ya kunna. Jan tambarin yana nan inda ya bar shi.

Amma sifikun ba shiru suke ba. Da ya jona su ya ƙure murya, sai wani huci ya riƙa fitowa, siriri, yana hawa yana sauka. Shhh. Shhh. Ya san ko mene ne. Wayar wutar gidan ce ba a binne mata ƙarfe a ƙasa ba, ga laimar damina. Zai iya cika allo da bayaninsa. Duk da haka da rana tsaka, ƙofa a buɗe, awaki na kuka a waje, sai ya tsaya yana saurare, domin irin hucin nan mace take yi in tana jijjiga jariri a kafaɗa.

Ya fara tuna abubuwan da bai nema ba. Yadda Inna Kande take dafa masa ka in ya shigo, ta ce ɗana ya zo. Ai kowace tsohuwa haka take cewa. Yadda in ta raba ƙuli-ƙuli nasa da na Sabo daidai suke, na sauran yara rabi. Ai maƙwabtaka ce. Warin man shanu da hayaƙi na zanenta, wanda yake iya ji yanzu a hancinsa sarai, alhali na mahaifiyarsa ya ɓace masa tuntuni. Wannan bai samo masa amsa ba.

Rana ta uku ya gano ciwon. Madabod ɗin yana da nasa sautin a jikinsa, kuma a kunne yake. Shi da sabon katin suna ja-in-ja a kan hanya ɗaya, kwamfutar ta rasa wanda za ta saurara ta yi watsi da su duka. Gyaran ba wuya: a shiga shuɗin shafin nan da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, wanda ake ce wa bayos, a kashe na jikin madabod, a goge guntayen direbobin da aka jibga, a sa mai kyan shi kaɗai.

Ya shiga shuɗin shafin. Ya gangara har kan layin. Yatsansa yana kan maɓallin. Daga cikin gida yana jin Kulsum tana yi wa autarsu faɗa a kan takalmi, da muryar nan da ya shekara ashirin da ɗaya yana cewa ta cika ƙarfi. Ya fita daga shafin bai canza komai ba.

Daga nan Malam Lawal ya zama ƙwararre wajen neman abin da ya riga ya samu. Ya ciro katin ya hure shi ya mayar. Ya canza masa rami. Ya hau mota har Kwanar Dangora wajen wani mai gyaran waya, ya yi masa bayanin matsalar ta yadda ba mai iya gane ta, ya dawo da sabuwar waya da ba ya buƙata. Sabo ya bugo daga Riruwai, ya ce masa kayan gwanjo sai haƙuri. Wata rana ma ya tsinci kansa ya ɗora kaset ɗin a kan sifika, shi da ya san maganaɗisun cikinta yana cinye abin da ke kan zare. Ya tsaya yana kallonsa, bai ɗauke ba, bai kuma bar wajen ba, sai da Kulsum ta shigo da abinci ta ɗauke shi ba tare da ta san dalili ba, ta ce ƙura za ta shige shi, ta kai cikin kwallarta.

Ranar Alhamis ya bi Malam Isa bayan sallar azahar, ya yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokinsa ne yake tambaya.

"Abokin naka mai kwamfuta?" in ji Malam Isa. "Zauna. Gaskiya ita ce, shaidar mace ɗaya ba ta warware aure a gaban alƙali. Ko tana raye, balle murya a kaset. Ba wanda zai tilasta muku. Amma malamai sun ce in an ji irin wannan, abin da ya fi shi ne a nisanta. Wannan tsakanin mutum da zuciyarsa ne."

Lawal ya ɗauki rabin farko ya bar wa Malam rabi na biyu. Ya dawo gida da sauri har yana tuntuɓe, ya tarar da Kulsum tana tsince shinkafa a tsakar gida, ya zube mata albishir.

Ba ta daina tsintar ba. "Alƙali bai sha nonon Inna ba," in ji ta. "Ni na sha. Matar nan ko tuwo ta ce saura kaɗan, ka leƙa tukunya za ka ga kaɗan ne. In ta ce ta ba ka, ta ba ka."

"To in haka ne a bar kaset ɗin mana. Wa ya aiko shi? Shekara ashirin da biyar yana kwance."

"Da bai fito ba, da shi ke nan. Ya fito." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tara. "Baban Hamdiyya, ni ban iya Turanci ba. Amma kullum in na kawo maka abinci kana kan wani shuɗin shafi, ka kai kan layi ɗaya ka tsaya kamar wanda ya zo ziyarar kabari, sannan ka fita. Kwana huɗu ke nan. Ka san gyaran."

"Ba haka ake gane matsalar kwamfuta ba."

"Ba kwamfutar nake kallo ba."

Ya ce katin na gwanjo ne.

"Kai kana zaure kana wasa da waya," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Ni ce nake tashi sallah ban san me zan roƙa ba. In na ce Allah ya bar ni da mijina, ban sani ba ko saɓo nake roƙo. Ko yara ban iya kallo sosai. Ka bar tsohuwar nan ta faɗi abin da ke bakinta, ta gaji da jira."

Ya koma zaure. Ya shiga shuɗin shafin, ya kashe sautin jikin madabod, ya adana. Ya goge direbobi uku da ya tara, ya sa ɗaya. Kwamfutar ta mutu ta tashi, sai ga wani ɗan kiɗa mai daɗi ya cika ɗakin, irin na maraba. Jan tambarin ya tafi. Hucin ma ya ɗauke. Ya duba agogo. Minti bakwai.

Ranar Lahadi bayan azahar aka taru, yara sun tafi Islamiyya. Malam Isa a kan buzu, Sabo ya jingina da bango yana jan carbi da sauri fiye da ƙa'ida, Kulsum a bakin ƙofar cikin gida, rabinta a bayan labule. Lawal ya jona waya daga rikoda zuwa shuɗiyar kafa, ya danna ɗauka a kwamfuta, ya danna rikodar. Wani koren layi ya miƙe a sikirin, sannan ya fara rawa.

Zakara ne ya fara yin cara, zakaran da aka cinye tun kafin a haifi Hamdiyya, 'yarsu ta fari. Daga nesa ana daka. Sai tari, sai bisimilla.

"Yana ɗauka? To. Ni ce Kande matar Audu mai awon kuza, ta Riruwai. Malam ya ce in faɗi 'ya'yan da na ba nono, kar in mutu da su a ciki. Nawa na cikina ba sai na ƙirga ba. Sabo dai shi ya fi kowa ci, har yau bai daina ba."

Sabo ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya rufe fuska da hula.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, katin na kirki ne. Har numfashinta ana ji, har ƙarar awarwaronta in ta ɗaga hannu tana ƙirge. Ta yi ta jero su, kowa da labarinsa. Mudassir ɗan mai gadin ma'aikata, wata biyu, mai cizo. 'Yan biyun wata Bafulatana da aka sauka da su a bayan gari da rani. Khairiyya ta gidan liman, sau ɗaya tak, ranar da uwarta ta tafi biki Doguwa mota ta lalace. Malam Isa yana rubutawa a bayan wata takarda.

"Sai Kulsum, marainiyar Allah. Ita kam shekara biyu cur, tare da autana. Ita 'yata ce, ba sai an tambaya ba."

Labulen ya motsa kaɗan.

Aka zo inda Sabo ya liƙe. Muryar ta yi lanƙwasa, ta nutse kamar mai magana a cikin randa, koren layin ya kwanta. Lawal ya ji kansa yana addu'ar da ba zai iya maimaitawa a gaban Malam ba. Zaren ya wuce. Muryar ta dawo tas.

Ta ƙara suna shida. Babu nasa. Ta fara yafe wa mutane, tana neman a yafe mata, ta bar wa wata maƙwabciya tukunyarta ta ƙarfe in ba ta dawo ba. Lawal ya yi hamdala a zuci. Sabo ya dube shi ya ɗan gyaɗa kai. Aka ji ta tana cewa wani ya zo ya kashe abin nan, aka ji takun ƙafa yana matsowa.

"Tsaya, tsaya. Akwai ɗaya. Furera ta roƙe ni kar in faɗa, don mijinta ba ya son a ba ɗansa nonon wata, zai iya korar ta a kai. Na riƙe mata shekara da shekaru. Amma yanzu ɗakin Allah za ni, Furera ki yafe ni. Lawal. Kwana tara, lokacin da nononta ya kumbura. Shi a dama, Sabo a hagu. Yaro mai haƙuri, ba ya kuka, sai dai ya yi ta kallon mutum. To kashe."

Ƙarar maɓalli. Zaren ya ci gaba da juyawa babu komai a kansa, bai tsinke ba har ƙarshe.

Kwamfutar ce ta fito da ɗan akwati a tsakiyar sikirin tana tambaya, a adana abin da aka ɗauka ko a zubar. Sauran ukun ba mai karanta Turanci a cikinsu. Lawal ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya danna a adana, ya rubuta sunanta a kai, ya zaro wayar.

Malam Isa ya ninke takardarsa. Ya ce abin da ya faɗa ranar Alhamis yana nan, shi ba ya raba kowa, 'ya'ya kuma 'ya'yan halak ne ba mai taɓa wannan, su yi shawara a tsanake. Daga bayan labule Kulsum ta ce, "Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri." Yadda ta faɗa, Malam ya gane ita ta riga ta yanke shawara. Ya ja Sabo suka fita, Sabo yana ta cewa da ya sani da ya bar rufin ya zuba.

Lawal ya zauna yana naɗe wayar a yatsunsa, ya warware, ya sake naɗewa. Hadari yana haɗuwa ta wajen Doguwa. Can sai labulen ya buɗe gaba ɗaya. Kulsum ta shigo, ta zauna a ɗaya gefen tabarmar, ta wanke fuska amma idon ya nuna.

"Yaya Lawal," in ji ta.

Shekara ashirin da ɗaya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan miji, sai dai ta miƙa kati. Ashe haka take faɗinsa, da ɗan jan wasalin ƙarshe, irin na mutanen Riruwai.

"Ƙarfe shida yara za su dawo. Kai za ka faɗa musu ko ni?"

Ya buɗe baki zai ce a bari sai gobe. Ya dube ta, ya fasa.

"Ni zan faɗa," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Suka zauna a nan, kowa a gefensa, suna jiran ƙarfe shida.